Muhawara: wai mai kwana a ɗaki ba shi da bakin tambayar soja?

Alhajin Katako: Salamu alaikum 'yan zauren Adar, na gida da na Yamai da na ƙetare. Yau 10 ga Disamba, ranar da aka kashe mana sojoji 71 a barikin Inates a 2019. Kowa ya yi musu ƙulhuwallahu. Sannan bari in faɗi abin da ya daɗe yana cina. Ni a ganina duk wanda ke kwana cikin ɗakinsa, fanka na kaɗa shi, ba shi da bakin da zai tambayi soja, balle ya soke shi. Godiyar da ta rage mana ita ce addu'a da kama baki. Wanda ya ga bai iyawa, ga bindiga, ga hanyar Tilliya, can wajen iyakar Mali.

Na Abijan: Allah shi jiƙan su. Alhaji ka gama magana. Mu da ke ci-rani mu muka san darajar ƙasa. Da can a Ajame, nan cikin Abijan, in ka ce kai ɗan Nijar ne, kallon mai talla kawai ake maka. Tun da sojan Faransa ya tattara komatsansa a Disamba 2023, na Amurka ya bar Agadas a 2024, har waɗanda ba su gaishe mu sun koma tambayarmu labarin gida. Wa ya jawo mana wannan in ba masu kaki ba? Zancen ƙasa ne.

Mushe: Amin ga addu'a. Alhaji, rabin maganarka na ɗauka, rabi na bar maka. Tunda Inates ka ambata, mu bi ta a hankali. An yi makokin kwana uku, an binne su a sansanin jiragen sama na 101 can wajenku Yamai, shugabannin G5 Sahel suka zo suka tsaya kan kaburbura. Wata guda cur, ranar 9 ga Janairu 2020, aka afka wa barikin Shinagodar. Sanarwar farko ta ce mutum 25, bayan 'yan kwanaki ta koma 89. Ka haɗa da na Inates, sojoji 160 ke nan. A lokacin babu wanda ya kama baki. A fada, a tasha, a gidajen rediyo, tambaya ɗaya ce: da wane kayan aiki aka tura yaran nan bakin iyaka? Ba a yi mako guda ba aka sauya babban hafsan sojoji, aka kawo Janar Salifou Modi. Bayan haka ne labarin binciken kuɗin ma'aikatar tsaro ya fito, inda rahoton farko ya ambaci miliyar 76 na sefa: wasu kaya an ninka kuɗinsu, wasu an biya ba a kawo ba. To Alhaji, wanda ya yi tambaya a wancan lokaci, soja ya ci wa mutunci ko soja ya tsaya wa?

Alhajin Katako: Mushe, wannan ai zamanin 'yan siyasa ne. Su da 'yan kwangilarsu suka ci. Ni soja nake magana.

Ɗan Jami'a: Alhaji, da girmanka, in aka ce kaya sun iso alhali ba su iso ba, akwai takardar karɓa da wani ya sa wa hannu. Mai sayar da goro ne ke sa hannu a takardar karɓar harsashi?

Shugaban Zaure: Jama'a a yi hattara. Dokar laifukan intanet ta 2019 tana nan, kuma gyaran da aka yi mata a Yunin 2024 ya maido da ɗauri kan ɓata suna da yaɗa abin da ke iya dagula zaman lafiya. Muhawara ba laifi, amma ba zagi, ba ambaton sunan kowa da zargin da ba hukuma ta faɗa ba, ba tura murya ko hoton da ba ku san asalinsa ba. Wanda ya ƙetare, zan cire shi in ya so mu sasanta a gida. Baba Ajidan, mun ga kana karantawa, kai ne tsohon soja, kai ne mai abin.

Baba Ajidan: Ina jinku, 'ya'yana. Hannuna ba shi da sauri a waya, ku yi haƙuri.

Alhaji, na gode da ƙaunarka, Allah shi saka. Amma bari in gaya maka yadda dare yake a ƙaramin bariki na daji, wanda bai wuce buhunan yashi da rami da tanti ba. Da la'asar za ka cika bido da ruwa, ruwan da ya wuni cikin rana, ka sha shi da ɗumi. Ba a kunna wuta, ba a kunna taba. Kana kwance bayan buhu, bindiga a ƙirji, ba ido ke aiki ba, kunne ne. Jaki ya taka busasshen kara sai gabanka ya faɗi. A zamaninmu, lokacin tawayen arewa, ƙarar mota muke saurare. Yaran yanzu ƙarar babur suke saurare. Kuma duk daren nan, ka san me ke kan soja? Ba tuta ba ce, ba taken ƙasa ba. Lissafi yake: kuɗin haya, buhun hatsi, maganin tsohuwa, ko matarsa ta samu abin da ya aika. Kishin ƙasa yana nan, shi ya hana shi tashi ya gudu, amma ba shi ake tunani da ƙarfe uku na dare ba.

To ga abin da ba ku lura da shi ba. Soja ba shi da sandika, wato ƙungiyar ƙwadago. Ba shi yajin aiki, ba shi zanga-zanga, ba shi magana da ɗan jarida. In takalminsa ya yage, in kuɗin abincinsa ya maƙale a hanya, in rediyon sadarwa ta mutu aka yi ta rubutu sama ba amsa, wa zai gaya wa? Ya buɗe baki a ce ya yi rashin ɗa'a. Ku tuna 2002 a Difa, da ƙananan sojoji suka yi bore kan albashi da halin zama. Ƙarshenta kamu ne da kurkuku. Ban ce sun yi daidai ba, soja ba shi bore. Amma tunda doka ta rufe mana baki, in ku ma kuka rufe naku, wa ya rage? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, sai dai wannan mai ɗakin an hana shi nunawa.

Ɗan Jami'a: Alhaji ka ji dai.

Baba Ajidan: Tsaya, yaro, ban gama ba, kai ma da naka. Akwai surutun da ke kashe soja, kuma ku masu waya ku ke yin sa. Ayarin motoci ya fito daga Tawa ya nufi arewa, kafin ya kai Tabalak wani ya ɗauka ya watsa, wai yana alfahari. Wa ka gaya wa? An kai hari, uwa ba ta ji ba, mata ba ta ji ba, hoton gawar ɗanta na yawo cikin zauruka. Sannan masu cewa "ai gudu suka yi", mutumin da ko ƙarar tayar mota ta fashe sai ya shige ƙarƙashin tebur. In irin wannan Alhaji ke nufi da kama baki, ina bayansa har gobe.

Alhajin Katako: Yawwa Ajidan! Abin da nake nufi ke nan.

Mushe: Ba shi ka rubuta ba, Alhaji. Ka ce ba mu da bakin tambaya. Saƙon na nan sama.

Direban Tawa: Ni ban iya dogon rubutu. Hanyar Yamai zuwa Tawa ita ce gonata: Doso, Dogon Dutsi, Ƙonni, Tsarnawa, sannan ka karya arewa. Wallahi in dare ya yi maka tsakanin Dutsi da Ƙonni ka hango motar sojoji tsaye, sai ka ji numfashinka ya dawo, fasinja ma su koma barci. Wanga ba a gaya mini shi ba. Amma kuma akwai shingen da za a tsaida kai, a sauke talakawa 'yan ƙauye, wanda bai da katin ɗan ƙasa a ja shi bayan rumfa, ba ya dawowa sai ya aje wani abu, kuma ba takarda. Na taɓa ganin tsoho ya kwance bakin zanen da ya ƙulle kuɗin maganin matarsa, hannunsa na rawa, yana ƙirga 'yan dala. Alhaji, in na ce wanga bai dace ba, na zama maƙiyin ƙasa?

Alhajin Katako: Ɓata-gari ko'ina akwai su, direba, har cikin direbobi. Kuma mi ya hana tsohon yin kati? Ta haka 'yan ta'adda ke shigowa.

Direban Tawa: To in don 'yan ta'adda ne, wanda ya biya ya wuce fa? Kuɗin ya wanke shi?

Malam: Allah shi ba mu haƙuri da juna. Alhaji yana da madogara: ya zo a hadisi cewa idanu biyu wuta ba za ta taɓa su ba, idon da ya yi kuka don tsoron Allah da idon da ya kwana yana gadi saboda Allah. Kuma wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba. Wannan ba gardama. Sai dai Manzon da ya faɗi haka, tsira da amincin Allah su tabbata gare shi, shi ya ce addini nasiha ne, kuma ya lissafa shugabanni cikin waɗanda ake yi wa ita. Nasiha tana da ladabi, tana da wuri, ba a yinta da izgili. Amma ban taɓa karanta inda aka ce godiya ta soke ta ba.

Ɗan Tilliya: Alhaji ya ce ga hanyar Tilliya. To ni can nike, ba da bindiga ba, da shanu da 'yan awaki. Ku na gari kuna gardama ko a yabi soja ko a soke shi. Mu tambayarmu ɗaya ce, yana nan ko ba ya nan. Ranar 21 ga Maris 2021 mutane kan babura suka shiga Intazayan da Bakorat da Wistan, gwamnati da kanta ta ce mutum 137 aka kashe. Ba soja ba ne, makiyaya ne da 'ya'yansu. Wanda ya binne nasa ranar nan, in ya ce "ina jami'an tsaro suke", za ka ce masa ya kama baki don bai taɓa ɗaukar bindiga ba?

Kuma kada a ce ban san alheri ba. Duk kasuwar da soja ya tsaya, tana ci. Ranar da suka janye, ko gishiri ba ka samu, sai masu karɓar zakkar dole su zo su ƙirga maka dabbobi. A Tazalit, Oktoba 2016, mutum 22 suka mutu suna gadin 'yan gudun hijirar Mali, yawancinsu ma 'yan gardi ne da jandarma, waɗanda in ana yabon soja ake mantawa da su. A Tabatol, Oktoba 2023, wasu 29. Duka cikin jiharmu ta Tawa. Mun san su, sun sha shayinmu, mun sai da musu rago. Mu ba ƙarancin godiya ke damunmu ba, ƙarancin soja ne.

Na Abijan: Allah shi kawo sauƙi, ɗan uwa. Amma ƙasa mai faɗin Nijar, ka sa soja a kowace rijiya? Kan iyakar Mali kaɗai ya fi kilomita 800.

Ɗan Tilliya: Na sani. Shi ya sa nike son a bar mu mu faɗi wace rijiya ta fi buƙata.

Ɗan Jami'a: Tunda Shugaba ya ce abin da hukuma ta faɗa kaɗai, ga na hukuma. A Satumba 2020 Hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa, ba ta Turawa ba, tamu, ta fitar da rahoto kan fararen hula 102 da suka ɓace a yankin Inates da Ayoru, ta ce ta gano gawa 71 cikin kaburbura shida, ta kuma ɗora alhakin kan wasu daga cikin jami'an tsaro. Ma'aikatar tsaro ba ta yarda da zargin ba. Ban da wannan, duk shekara mu ɗalibai muna tuna 9 ga Fabrairu 1990, ranar da aka harbe uku daga cikinmu a gadar Kennedy ta Yamai. Mutanen Cintabaraden kuma ba su manta kisan da aka yi musu a Mayun shekarar ba. Waɗannan ma 'yan ƙasa ne. Kishin ƙasar da ba ya ƙirga su, na wace ƙasa ne?

Na Abijan: Ka ga irinta! Ranar tuna shahidai ka zo kana tono kaburbura. Irin ku ne Faransa ke amfani da su. Kana cin burs, kuɗin karatun da gwamnati ke ba ku, kana kwana lafiya a jami'a, kana zagin masu gadinka.

Ɗan Jami'a: Yaya, kai da ke kwana Abijan kake gaya mini inda nake kwana?

Shugaban Zaure: Ku biyun, gargaɗi na farko. Ba a kiran kowa ɗan koren wata ƙasa a zauren nan.

Baba Ajidan: Yaro bai yi ƙarya ba, amma ya zaɓi rana mai nauyi, wannan kam gaskiyar na Abijan ce. Abin da zan ce kawai: sojan kirki ba ya tsoron a bincika. Wanda ya kashe marar makami ya ɓata kakin da na sa, kuma ya ƙara wa na bayansa aiki, don ƙauyen da aka zalunta ba ya ƙara gaya maka inda babura suka bi. Yaƙin nan da labarin mutanen ƙauye ake yin sa, ba da tanka kaɗai ba. Ban ƙara komi a kai.

Alhajin Katako: Ni dai na ga zamanin Seyni Kountche da idona. Ba mai surutu, ba mai gardama, kuma ƙasa ta miƙe. Ma'aikaci na zuwa aiki kan lokaci don bai san ranar da shugaba zai faɗo masa ba. An ji tsoron taɓa dukiyar gwamnati. Da kowa na da baki aka yi wannan?

Mushe: Alhaji, shi Kountche ɗin, ranar 15 ga Afrilu 1974 da ya kifar da Shugaba Diori Hamani, cikin hujjojin da aka kawo har da yadda aka yi da taimakon abinci lokacin fari. Wato shi ma tambayar "ina kayan suka tafi" ya yi, sai dai da bindiga ya yi ta. Kuma mu daina haɗa abu biyu. Akwai soja mai gadin iyaka, akwai soja mai mulki. 1974, 1996, 1999, 2010, 2023: sau biyar ke nan kaki ya hau kujera. Kowa da ra'ayinsa kan kowanne, ba shi muke yi yau ba. Amma wanda ya hau kujera, farar riga ya sa ko kaki, ya zama mai riƙon amanar shinkafa da lantarki da makaranta. In na tambaye shi kuɗin buhu, ban taɓa yaron da ke kwance bayan buhun yashi ba. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Kuma tunda godiya ake magana, akwai waɗanda suka fi kowa sanin godiyar baki: kakanninmu da Faransa ta kwasa zuwa yaƙin duniya, da Indoshin, da Aljeriya. A Thiaroye, kusa da Dakar, ranar 1 ga Disamba 1944, sojojin Afirka da suka dawo daga sansanonin fursuna na Jamus suka nemi kuɗinsu da aka riƙe, aka buɗe musu wuta. Sai a Nuwamba 2024 shugaban Faransa ya yarda a rubuce cewa kisan kiyashi ne. A 1959 kuma aka yi doka aka daskarar da fanshon tsofaffin sojojin ƙasashen da ke samun 'yanci, na Bafaranshe na ƙaruwa, nasu na nan inda yake, ba a daidaita ba sai daga 2007, aka ƙarasa a 2011. Lambobin yabo kam an ba su.

Baba Ajidan: Mahaifina na cikinsu, ya yi Aljeriya. Lambobinsa na cikin wani gwangwanin madara, ranar biki ya goge su da toka ya maƙala a riga. Bai kai 2007 ba. Ni kuma da na aje aiki, sai da na koyi zaman benci a ƙofar wani ofis da takardu cikin leda, yaron da na isa in haifa yana ce mini "tsoho dawo gobe". Ranar fareti ana sara mana, wannan ban raina ba, yana da daɗi. Amma likita ba ya karɓar sarawa.

Alhajin Katako: To ai yanzu ba baki kaɗai ba ne. Tun Oktoba 2023 akwai asusun ceton ƙasa, kowa na zubawa. Ko a kuɗin waya ana cire wani abu. Mu 'yan kasuwa mun kai namu da hannunmu.

Direban Tawa: Har tikitin mota ana cirewa, fasinja na biya ba gardama.

Mushe: Madalla, ni ma ina biya kuma ban yi baƙin ciki ba. Ka lura masu asusun kan fito su faɗi abin da ya shigo. Don me suke faɗi in ba don sun san masu zubawa na da haƙƙin ji ba?

Maman 'Yan Biyu: Salamu alaikum iyayena da yayyena. Ban saba magana a nan ba, amma yau abin ya zo ƙofar ɗakina. Waɗanda suka sani sun sani, baban yaran nan ya rasu a bakin aiki, wajen iyakar Mali.

Abin da aka kawo mini akwatinsa ne na ƙarfe. Ciki akwai kakinsa guda a ninke, da cajar waya, da ƙullin ganyen shayi da ya fara, da takalman yara ƙafa biyu iri ɗaya, sababbi, da ya saya yana jiran hutu. Sun yi musu kaɗan, don bai san sun yi tsawo ba. Ranar gaisuwa gidan bai ɗauki mutane ba, har manya sun zo da motoci, an yi addu'a, an ce shahidi ne, an ce ƙasa ba za ta manta ba. Na yarda shahidi ne, kuma ina alfahari da shi, duk wanda ya tambayi yaran nan ɗiyan wa ne, da ƙarfi suke faɗi.

Bayan sadakar arba'in sai ƙafa ta ɗauke. Ina cikin takaba, wata huɗu da kwana goma ban fita, ƙanen mijina ke yawon takardu. A ce a kawo takardar mutuwa, a kawo ta haihuwar yara, a kawo ta zaman dangi daga wajen alƙali. Sannan aka ce ta aure. Mu kuwa a masallaci aka ɗaura, kamar yawancin mutane, ba mu je wajen magajin gari ba, sai da aka nemo shaidu aka koma gaban alƙali. Kowace takarda da tambarinta, kowane tambari da kuɗinsa, mai gidan haya kuma bai san takaba ba. A wani ofis takardunmu suka kwanta har aka ce ba a gan su ba, aka sake daga farko. Abin da ya taso da su, wani dattijo ne a unguwa da ya ƙi yin shiru, yana zuwa yana tambaya har suka gaji da ganinsa. Bai taɓa zama soja ba, tela ne.

Waɗanda suka riƙe mu a tsakani abokan aikinsa ne, ƙananan sojoji, masu albashi irin nasa. Ƙarshen wata su haɗa abin da suka haɗa su aiko, wani ma ban san fuskarsa ba. Alhaji, kai babana ne, ban isa in yi gardama da kai ba. Amma ni ma cikin ɗaki nake kwana.

Malam: Allah shi jiƙan shi, shi raya abin da ya bari. Ga tunatarwa ga masu ɗiya a soja da ma kowa: a rubuta aure, a yi wa yara takardar haihuwa tun da rai.

Alhajin Katako: Allah shi gafarta masa. 'Yata, ba da irinki nake ba, ke kin fi mu duka haƙƙin magana. Da masu izgili nake, kuma a kansu ina nan kan bakana. Shugaba, maimakon surutu a buɗe asusu cikin zauren nan. Ni na sa jika hamsin.

Maman 'Yan Biyu: Allah shi saka, Baba. Amma ni yanzu alhamdu lillahi nawa ya fito, kuma ina 'yar sana'a. Akwai matan 'yan gardi biyu a nan Tawa da har yau suke kan takardu, ɗaya da goyo. A fara da su.

Na Abijan: Jika ashirin daga gare ni, kuma zan zagaya wajen 'yan Adar na nan. A turo mini duka in riƙe, in ya taru in aiko.

Direban Tawa: Ni jika biyar, kuma duk mai zuwa Yamai don takardun marigayi, kujerarsa na wuyana.

Alhajin Katako: A'a na Abijan, kuɗi ba su tafi Abijan su dawo. A riƙe su a Tawa. Kuma duk ƙarshen wata a sa mana a nan: wa ya ba da, nawa, wa aka ba, da shaidar karɓa.

Ɗan Jami'a: Alhaji, wannan fa tambaya ce. Ka taɓa riƙe asusu da za ka tambayi mai asusu?

Alhajin Katako: Kai yaro ka kiyaye ni. Wancan zancen ƙasa ne, wannan guminna ne. Ajidan, kai za ka riƙe.

Baba Ajidan: Ban riƙe kuɗin kowa ni kaɗai. A ba Malam da Mushe, ba a fitar da ko dala sai da sa hannunsu su biyu, Maman 'Yan Biyu kuma ita za ta kai su gidajen. Ni nawa jika uku ne, sai fansho ya shigo.